KAFINTAN NAZARAT DA KARYAYYIYAR KUJERA

Wa'azi domin Idin Yusufu Mai Tsarki, Ma'aikaci



A ranar 1 ga watan Mayu na kowace shekara, sa'ad da duniya take bikin ranar ma'aikata, Ikilisiya Katolika tana tunawa da Yusufu Mai Tsarki, mijin Budurwa Maryamu, wanda ya ciyar da Ɗan Allah da gumin goshinsa. Paparoma Pius na 12 ne ya kafa wannan idi a shekarar 1955, domin kowane mai aikin hannu ya sani aikinsa yana da daraja a gaban Allah. A wannan karo ina so mu yi tunani a kan wani ɓangare na sana'ar kafinta wanda ba a cika yabonsa ba, watau gyaran abin da aka yar.

Ku zaga bayan majami'unmu, ku leƙa ɗakunan ajiya na makarantunmu, za ku tarar da tulin bencuna da kujeru, wata ba ƙafa, wata ba majingini, rana tana dukansu, ruwa yana dukansu. Haka yake a gidajenmu: tsohon gado yana jingine a bayan ɗaki, kabad ya zama wurin kwanan kaji, ƙofar da aka cire tun bara tana jiran ranar da za a faskara ta a hura wuta. A unguwa ɗaya kuwa akwai yara masu rubutu a kan gwiwa, da tsofaffi masu tsayuwa daga farkon Misa har ƙarshe don rashin wurin zama. Wannan abu ya isa Kirista ya tsaya ya tambayi kansa.

SANA'AR DA UBANGIJI YA GADA

Mutanen Nazarat sun san Yesu da sana'a kafin su san shi da wa'azi. A cikin Matiyu 13:55 sun kira shi ɗan kafinta, a cikin Markus 6:3 kuwa shi kansa suka kira kafinta, kuma da raini suka faɗa. Yustinu Mai Tsarki, shahidi, haifaffen ƙasar Falasɗinu wanda aka kashe a Roma wajen shekara ta 165, ya rubuta cewa Ubangiji yana sassaƙa garma da karkiyar shanu. Luka ya gaya mana yana da shekara wajen 30 sa'ad da ya fara hidimarsa a fili. Ashe yawancin kwanakin Mai Ceton duniya a cikin ƙurar katako ya yi su, kusa da Yusufu. Kyan ɗa ya gaji ubansa.

Nazarat ƙaramin ƙauye ne na manoma. Duk wanda ya zauna a ƙauye ya san talaka ba ya sayen sabuwar garma kowace damina. Tsohuwar yake kaiwa a ɗaure, a sake mata ƙota. Saboda haka ba mu yi kuskure ba in muka ce hannuwan da aka kafa wa ƙusa a kan gicciye sun saba karɓar fasassun abubuwa daga hannun matalauta, su mayar musu da su lafiyayyu. Tun da daɗewa annabi Ishaya ya kwatanta Bawan Ubangiji da wanda ba ya ƙarasa karan da ya tanƙwashe, ba ya kuma kashe fitilar da ta kusa mutuwa (Ishaya 42:3). Halin mai gyara ke nan.

ALMUBAZZARANCI ZUNUBI NE

Ku tuna da ranar da Ubangiji ya ciyar da mutum 5,000 da gurasa 5 da kifi 2. Bayan kowa ya ƙoshi, sai ya umarci almajiransa su tsince ragowar don kada kome ya lalace, suka cika kwando 12 (Yahaya 6:12-13). Wanda yake da ikon yawaita gurasa ba iyaka, shi ne ya hana a zubar da gutsure. To, ina hujjarmu, mu da ba mu iya tsirar da ko ganye ɗaya?

Ikilisiya ta riƙe wannan koyarwa tun zamanin dā. Benedikt Mai Tsarki, a cikin dokar da ya rubuta wa sufaye a ƙarni na 6, ya umarci mai kula da kayan gidan sufaye ya ɗauki kayan aiki da muhimmanci kamar tsarkakan tasoshin bagade. Paparoma Yohanna Bulus na 2, a saƙonsa na ranar zaman lafiya ta duniya a 1990, ya nuna cewa lalata halitta matsala ce ta ɗabi'a da lamiri. Marigayi Paparoma Francis kuma, a wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015, ya yi kuka da al'adar amfani da abu a yar, ya kuma nuna cewa zuciyar da take yar da kaya ba ta daɗewa sai ta fara yar da mutane.

Kowace kujera itace ce da aka sare. Maɗaci da ƙawo da loko sukan yi shekaru masu yawa kafin su isa yanka. Mun ga abin da ya sami madobiya, wadda 'yan katako suke kira madrid: an yi ta sararta a Jihar Taraba da maƙwabtanta ana kaiwa ƙasar Sin, har a shekarar 2016 ƙasashen duniya suka sa ta cikin jerin itatuwan da sai da izini na musamman ake cinikinsu tsakanin ƙasa da ƙasa. Tsohon bencin da kakanninmu suka zauna a kai sau da yawa katakonsa ya fi wanda yake kasuwa yanzu ƙwari, gama an yanke shi daga ƙosasshen itace, ya kuma gama bushewa. Da tsohuwar zuma ake magani. Ga kuma tsadar kaya, wadda ta ƙaru ƙwarai tun da aka janye tallafin man fetur a 2023. Iyalin da ya gyara gado maimakon sayen sabo ya tsirar da kuɗin makaranta.

Kada kuma mu raina masu wannan aiki. Maƙeran kasuwar Panteka a Kaduna, da yaran da suke bin unguwa suna sayen gwangwan, sun riga mu gane cewa a cikin bola akwai jari.

YADDA AKE GYARA NA GASKIYA

Wani zai ce, “Fada, ni ba kafinta ba ne.” Gaskiya ne, akwai aikin da sai gwani. Amma yawancin kujerun da muke yarwa ba su bukatar abin da ya wuce guduma, da filaya, da zarto, da farin gam na katako, da takardar goge katako wadda kafintoci suke kira samfefa, da haƙuri. Ga matakan a taƙaice.

Na fari, a duba. Kafin a shigar da tsohon kaya cikin gida, a ajiye shi a tsakar gida a bincika. A danna tsinin ƙusa a ƙafafu da ƙarƙashi: in ya nutse kamar cikin gurasa, gara ko ruɓa ta gama da wurin, sai a yanke shi a sa wani. In an ga ƙananan huji da gari mai laushi yana zuba, ƙwaro yana ciki. A naɗe katakon a baƙar leda a bar shi cikin zafin rana kwanaki. A duba mahaɗar gado da ɗinkin kushin saboda kuɗin cizo. Tafasasshen ruwa da rana suna kashe shi a jikin katako, amma soson da ya cika da shi, gara a rabu da shi. Kada a fesa maganin ƙwarin gona a ɗakin kwana, gama ya hallaka mutane. A kuma bambanta katako na ainihi da allon da aka yi da garin katako aka matse: na biyun in ya sha ruwa ya kumbura, ba ya komawa.

Na biyu, a kwance. Kujera takan yi rawa ne domin katako yana kumbura da damina, yana tsukewa da hunturu, har gam ɗin mahaɗa ya saki. Abin da yawancinmu muke yi shi ne mu ƙara ƙusa a kan ƙusa, har katakon ya tsage. Hanyar da ta dace ita ce a sa wa kowane yanki alama da alli, a zare tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa, a raba mahaɗar a hankali, a kankare busasshen gam sarai, gama sabon gam ba ya kama tsoho, ɗanyen jikin katako yake kamawa.

Na uku, a haɗa a ɗaure. A shafa gam a fuska biyu, a mayar da kowane yanki wurinsa, a ɗaure tam. Wanda ba shi da matsi na kafinta, ya yanka tsohon tif na babur tsiri-tsiri ya naɗe da shi. A ajiye kujerar a daɓe mai daidai don kada ƙafa ɗaya ta fi wata, a bar ta kwana ɗaya cur ba wanda ya zauna. In za a sa ƙusa ko noti a tsohon katako mai tauri, a fara huda ƙaramin rami. Ɗan guntun katako mai kusurwa uku da aka manna a kowane lungu a ƙarƙashin mazauni yana ƙara wa kujera shekaru.

Na huɗu, a goge. A fara da samfefa mai kaushi, lamba 80, a bi da 120, a ƙare da 180 ko 220, kullum ana bin tsawon jijiyar katako. A nan akwai gargaɗi mai nauyi. Tsohon fentin mai yakan ƙunshi dalma, ƙurarta kuwa guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yara. Ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 dalmar da ta fito daga duwatsun zinariya ta kashe yara wajen 400. Saboda haka a jiƙa fentin kafin a kankare, a rufe hanci da baki, a yi aikin a waje, a nisantar da yara da mata masu ciki, a kwashe dattin a binne nesa da rijiya. Kada a dafa abinci da katako mai fenti.

Na biyar, kuma na ƙarshe, shi ne fenti ko banish. A shafa siriri sau biyu, a bar na fari ya bushe kafin na biyu. A yi wannan kafin damina ta kankama, gama laima tana hana shi bushewa.

Abin da ba zai koma yadda yake dā ba, yana iya zama wani abu dabam. Tsohuwar ƙofa in an sa mata ƙafafu ta zama teburin karatu. Dogon bencin da ya karye a tsakiya ya zama gajeru biyu na yaran katikisma. Aljihun durowa in an kafa shi a bango ya zama wurin ajiye Littafi Mai Tsarki da carbin rosari. Kan tsohon gado ya zama majinginin benci. Guntayen da suka ragu kuwa su zama 'yan kujerun tsugunno na mata a madafa.

KITSO A KAN KWARKWATA

Ku lura, 'yan'uwa, fenti shi ne ya zo ƙarshe. Amma mu 'yan adam da shi muke son farawa, domin shi ne ido yake gani. Kujerar da gara ta cinye aka lulluɓe ta da fenti mai ƙyalli ta fi karyayyiya haɗari, gama karyayyiya kowa ya gan ta ya kauce, wannan kuwa tsohuwa za ta amince da ita ta zauna. Wannan shi ne kitso a kan kwarkwata. Ubangiji ya tsawata wa masu irin wannan hali sa'ad da ya kwatanta su da kaburburan da aka shafa wa farar ƙasa (Matiyu 23:27).

Matakan gyaran kujera su ne matakan tuba. Binciken lamiri shi ne danna ƙusa a ga inda ya ruɓe. Furta zunubi a gaban Fada shi ne kwance mahaɗa a kankare tsohon gam, abu mai zafi amma ba makawa. Gafarar Allah ita ce take haɗa abin da ya rabu. Aikin tuba da biyan hakkin wanda aka zalunta su ne ɗaurin da yake riƙe mahaɗar har ta kama. Miji da matar da suke sa anko ranar Lahadi alhali wata uku ba su gaisa a ɗaki ba, fenti suke shafawa. Kwamitin coci da yake ɓoye ɓatan kuɗi don kada a ji kunya, fenti yake shafawa.

Ga misali daga ƙasar Faransa. A 1949 wani Fada da aka sani da suna Abbé Pierre ya kafa ƙungiyar Imuwasu kusa da birnin Paris. Mutumin farko da ya zauna tare da shi tsohon fursuna ne wanda ya yi ƙoƙarin kashe kansa. Aka roƙe shi ya zo ya taimaka wa waɗansu, ta haka ya sami dalilin rayuwa. Marasa gida suka riƙa tattara tsofaffin kujeru da gadaje da tufafi, suna gyarawa suna sayarwa, suna ciyar da kansu da waɗanda suka fi su wahala, har aikin ya bazu ƙasashe da yawa. Amma a 2024, shekara 17 bayan mutuwarsa, ƙungiyar da kanta ta fito da rahoton mata da suka ba da shaida cewa wannan Fada ya ci zarafinsu. An daɗe ana rufe ɓarnar saboda girman sunansa. Aikin alherin yana nan yana ci gaba, amma sai da aka kankare fentin aka faɗi gaskiya, aka saurari waɗanda aka cuta. Ikilisiya ma ba ta gyaruwa da fenti. Shari'a daga gidan Allah take farawa, in ji Bitrus Manzo.

MUTANEN DA MUKA JINGINE A BAYAN ƊAKI

Yanzu bari mu dubi abin da ya fi katako daraja. A kowace Ikilisiya akwai mutanen da muka jingine a bayan ɗaki. Ga tsohon katikis da ya yi shekara da shekaru yana taka sayyada ƙauye-ƙauye, yau idonsa ya dushe, ba mai leƙa shi. Ga gwauruwar da dangin miji suka kwashe kaya suka bar ta da tabarma. Ga saurayin da ƙwaya ta kama, da yarinyar da ta yi ciki a gida aka daina amsa gaisuwarta, da wanda ya fito daga kurkuku ba mai ba shi aiki. Mun yanke musu hukunci irin na kujera: ya lalace, ba ya gyaruwa.

Bulus Manzo ya rubuta wa Filimon a kan bawansa Onisimus wanda ya gudu. Ma'anar sunan Onisimus ita ce mai amfani, Bulus kuwa ya ce wanda dā ba shi da amfani yanzu ya zama mai amfani gare su duka biyu, ya roƙa a karɓe shi kamar ɗan'uwa. Shi kansa Bulus ya taɓa ƙin tafiya da Markus domin ya yashe su a hanya, har suka rabu da Barnaba a kan haka (Ayyukan Manzanni 15:37-39). Barnaba bai yar da saurayin ba. A ƙarshen ransa Bulus ya aika a kawo masa Markus, yana cewa yana da amfani gare shi (2 Timoti 4:11). Da an bar Markus a bola, wa ya san abin da Ikilisiya za ta rasa? Bitrus ma ya yi musun Ubangijinsa sau uku, duk da haka a kansa aka kafa Ikilisiya.

Gyaran mutum ya fi na kujera wuya, domin mutum yana da 'yancin ƙi, kuma akwai wanda dole a nisantar da shi daga yara da raunana ko da ya tuba, kamar yadda ba a mayar da katako mai ƙwaro cikin ɗaki. Amma hukuncin cewa wani ya wuce gyara ba namu ba ne. Wanda ya yi shi, shi ne ya san inda sauran lafiyayyen katako yake.

ABIN DA ZA MU YI

Bangaskiya ba tare da aiki ba matacciya ce, kamar yadda Yakubu ya koyar. Saboda haka ina roƙon kowace majami'a ta keɓe Asabar ɗaya a cikin wannan wata. Zumuntar maza su fito da bencunan da suke bayan coci, da izinin Fada da kwamiti. Matasa su kawo ƙarfinsu, Zumuntar Mata su duba gidajen da suke da bukata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafintocin da suke cikinmu su koya wa yara maza da mata riƙon guduma, a kuma biya su hakkinsu, kada a fake da aikin Allah a ci guminsu. A zamanin sarki Yowash, da aka gyara Haikali, an biya kafintoci da magina, ba a ma nemi lissafi daga masu riƙon kuɗin ba saboda amincinsu (2 Sarakuna 12). Allah ya ba mu irinsu. A gayyaci maƙwabtanmu Musulmi masu sana'ar, gama guduma ba ta tambayar addinin mai riƙe ta. A kuma gayyaci wancan saurayin da kowa ya fid da rai da shi, a danƙa masa samfefa.

Abin da aka gyara, a ba ƙungiyar Vincent de Paul Mai Tsarki ta kai wa mabukata. Amma a kiyaye: matalauci ba juji ba ne. Kada a kai masa abin da kai ba za ka zauna a kai ba. Matar nan ta Shunem ta shirya wa annabi Elisha ɗaki da gado da tebur da kujera da fitila (2 Sarakuna 4:10). Abu huɗu ne kacal, amma da su ta karɓi mutumin Allah, Allah kuwa ya sāka mata da ɗa. Kujerar da za ka kai gidan gwauruwa, Almasihu ne zai zauna a kanta.

Bari mu yi addu'a.

Ya Allah Uba, Mahaliccin itatuwan jeji, wanda ka danƙa Ɗanka a hannun kafinta, ka ba mu idon da zai ga amfani a cikin abin da aka raina, da hannu mai haƙuri, da zuciyar da ba ta yar da ɗan'uwa. Ka kankare mana fentin munafunci, ka cire ruɓar zunubi, ka haɗa gidajenmu da suka rabu. Ta wurin roƙon Yusufu Mai Tsarki, ka albarkaci dukan masu aikin hannu, ka buɗe ƙofa ga marasa aiki. Muna roƙo ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Yusufu Mai Tsarki, Ma'aikaci, ka yi addu'a dominmu.